Rigunan da Aka Juya Ranar Jana'izar Shekari

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Shekari Ishaya ya kashe kansa a Barnawa, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Na faɗe shi ɓaro-ɓaro ne domin dattawan ikilisiyarmu sun sanar cewa gajeruwar rashin lafiya ce. Ƙaryar da suka yi ke nan a kan ƙanena Monday a 1987, kuma har yau ban yafe ba.

Shekari, kai ne makaɗin gangar zumuntar matasa. Da jikata Precious ta faɗi lissafi, sati shida kana zama da ita a barandata har ta ci, kana tsokanata wai ni da na yi shekara talatin ina koyarwa na kasa. Ban ji haushi ba, gaskiya ka faɗa.

Abokanka goma sha ɗaya sun buga riguna da hotonka, kamar yadda ake yi wa kowane matashi da ya rasu. Dattawa suka tare su a ƙofar majami'a, suka ce mai irin wannan mutuwa ba a yawo da fuskarsa: ko su juya rigunan, ko su koma gida. Yaran suka juya. Aka hana su ɗaukar akwatinka, aka kira leburori. Ina tsaye ban ce uffan ba, kamar a 1987.

Ga abin da aka samu. Abokinka Derrick, wanda ka kira a waya sau biyu a ranar da ka rasu bai ɗauka ba, ya daina zuwa makaranta. Aka ce taurin kai ne, aka sa shi azumi. Precious ba ta iya cinye rabin malmalar tuwo, ta daina dariya, rigarta mai hotonka tana ƙarƙashin matashin kanta a juye. Jiya ta ce, "Baba, idan ina kewarsa, zunubi ne?"

Na ce a'a. Na ɗauko rigar na mayar da fuskarka waje. Ranar Litinin zan kai ta wurin likita tare da Derrick, duk mai zagina ya zage ni.

Dattawa, kun tsare sunan ikilisiya. A cikin yaran nan goma sha ɗaya, wa kuka taɓa tambaya yadda yake ji?

Ubangiji Ya ji ƙanka, Shekari, Shi ba Ya jiran izinin kwamiti. Ya ta'azantar da mahaifanka, Malam Ishaya da Mama Rebecca. Kai kaɗai suka haifa.