Mutumin da ke gaya wa matuƙa inda hadari yake

Ina ƙarƙashin motar wani, hannuna duk baƙin mai, ƙanwar abokina ta kira ni. Ta ce, "Yaya, abokinka ya rasu. Sai da aka ɓalle ƙofa." Na daɗe kwance a wurin na kasa fitowa.

Mai Hadari muke ce masa. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ɗaki marar taga a bayan filin jirgin sama, daga shi sai rediyo da taswira, yana gaya wa matuƙan da ke tsallaka teku inda hadari ya haɗu da ta inda za su kauce. Bai taɓa shiga jirgi ba. Tekun ma a taswira ya san shi.

In ya kautar da jirgi daga hadari, ba ya barin kujerarsa, ko da lokacin tashinsa ya yi, sai matuƙin ya kira ya ce sun wuce lafiya. Wani matuƙin kan manta, ya koma wata tasha abinsa, shi kuwa yana nan yana jira. Abinci ya yi ta hucewa a gida, har matarsa ta gaji ta tafi.

Na taɓa ce masa, "Kai uban jirage, sun ma san sunanka kuwa?"

Ya ce, "Kai motocin da kake kwana ƙarƙashinsu sun san naka?"

Daga baya aka kawo na'urar da ke tura saƙon a rubuce har cikin jirgi, aka sallame shi. Ya koma ɗakinsa a hawa na uku. Ni kaɗai ke hawa matakalar nan don shi, ni ɗin ma na yi ta rage zuwa, saboda hirarsa ba ta wuce gajimare. Allah ya yafe mini.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar Talatar da ta wuce na leƙa shi, ko zama ban yi ba. Yana bakin taga, ya rame, ya riga ya ɗora mana ruwan shayi.

Ya ce, "Zauna mana, makaniki. Motar ba za ta gudu ba, ai kai ka gyara ta."

Na yi dariya, na ce mai ita yana jirana.

"Gobe fa?"

"In na samu sarari."

Ya kashe wutar. Ya ce, "To, ba komai. Ina nan."