Kawu da Jan Ƙafa a Cikin Ruwa

Jiya ina tsallaka rafin bayan Tungan Maje, sai na ga ina jan ƙafa cikin ruwan, yadda marigayi kawuna yake yi. Tsohon masunci ne a Binuwai, da tsufa ya zo ya dawo Abuja yana kiwon zuma. Ko ruwan iya idon sawu ne, ba ya ɗaga ƙafa, saboda kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ke binne jiki cikin yashi. In ka ja ƙafa sai ta gudu, in ka taka ta sai ta soke ka da ƙayar wutsiyarta.

Wata rana na same shi gindin bishiyar da ya ɗora amyoyinsa, rigarsa tana warin hayaƙi da kakin zuma. Na ce, "Kawu, takardar ofishinmu na kula da namun daji ta ce kunamar ruwa ta kusa ƙarewa, amma dage mai fasa maka amya ba ya cikin haɗari."

Ya shafa bishiyar, inda sawun farcen dage ya daɗe da warkewa. Ya ce, "Ita kifi ce, shi dabbar tudu mai shayarwa, ba dangi ba ne. Amma shiru iri ɗaya suka yi mini, duk na daina ganinsu. A kogi ma murna muka yi da aka daina sukarmu. Daga baya komar kamun kifinmu ta fara fitowa babu komai."

Yanzu katafila ta iso bakin rafin. Bishiyarsa ɗaya ta rage, amyar da ke kanta babu ko ƙudan zuma guda.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka. Mu kuma Allah ya bar mana abin da za mu ja wa ƙafa.