Neman Ɗan Zuwaira a Gombe

Mun tashi da asuba daga Bauchi, ni da direban ofishinmu da wani abokin aikina, a cikin sabuwar mota wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ya kamata in fara bayyana wa masu karatu dalilin tafiyar. Ban daɗe da gama jami'a ba aka ɗauke ni aiki a sashen wasanni na sabuwar jiharmu, alhali tarihi na karanta. Labari ya iso ofis cewa akwai wani mutumin ƙasar Benizuwela a Gombe, wanda ya buga ƙwallo a ƙasarsu, daga baya ya zama manajan 'yan wasa. Maigidana ya ce za a ba shi aikin horar da 'yan wasan jiha, amma sai rahotona ya tabbatar da tarihinsa. Idan na yi kuskure, ko a ɗauki mayaudari, ko a hana mai gaskiya aiki.

Hanya cike take da manyan motoci masu ɗauke da siminti da rodi. Wani wuri sabuwar kwalta, wani wuri sai mu sauka gefe saboda ana aiki. A Alkaleri muka tsaya shan koko. Mai ƙosai ta ce tun da kuɗin mai ya shigo ƙasa ƙosai ke ƙanƙancewa. Na duba wanda ke hannuna, ban sami hujjar musanta ta ba.

Da hantsi muka shiga Gombe. A tasha na tambayi inda manaja yake. Nan take wani ya shiga gabanmu a kan keke, ya kai mu kamfanin gurzar auduga. Manajan wurin, wani dattijo Batangale mai fara'a, ya zagaya da mu rumbunan auduga yana bayani, ni kuwa ina rubutawa don kada wani abu ya wuce ni. Sai da na cika shafi biyu sannan na tambaye shi gurbin da ya buga a fili.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ƙwallon da na sani na mangwaro ne."

Kunya ta rufe ni. Wani mai awon auduga da ke gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗan Zuwaira suke nema?"

Na gyara masa a hankali, gaɓa-gaɓa: "Be-ni-zu-we-la."

Ya ce, "To ai shi na faɗa. Ɗan Zuwaira. Ku je Shamaki."

Na shiga mota ina da yaƙinin ɓata za mu sake yi. A unguwar Shamaki muka bi lungu-lungu, ga ƙarar maƙera, ga muryoyin ɗaliban Islamiyya, har muka iso wani zaure inda wata dattijuwa ke sayar da tuwo. Ita ce Inna Zuwaira. Na gaishe ta, na ce ina jin an yi kuskure, Bature muke nema.

Ta ce, "Ɗana ne. Zauna ka ci tuwo tukuna, ka yi wani zuru-zuru kamar ba a ba ku abinci a gwamnati."

Muna cin tuwo da miyar kuka ta ba mu labari. Mutumin ya zo ne tare da kamfanin da ke gina hanya, yana gyaran injina. Ranar da ya fara cin tuwonta ta tambaye shi mutumin ina ne, ya faɗi sunan ƙasarsu, ita kuma ta ji sunanta a ciki. Tun daga ranar ya zama ɗanta, har ta ba shi ɗaki a gidan.

Can sai ga shi ya fito, fari, gajere, sanye da jamfa, yana ɗan ɗingishi. Turancinsa kaɗan ne. Hausarsa a wurin leburori ya koya, saboda haka rabinta Fulatanci ne. Direbanmu, wanda Bafulatani ne, ya zama tafinta. Abin da na fahimta shi ne, gola ne tun yana saurayi a wani gari da ake haƙar mai. Gwiwarsa ta lalace a wasa, sai ƙungiyar ta mai da shi mai horarwa. Da ƙungiyar ta watse, ya koma sana'ar mahaifinsa ta kanikanci, ita ce ta kawo shi nan.

Yana cikin cin tuwo na tambaye shi shekara nawa ya yi yana wasa. Ya ce "jowi", ya yi tari saboda yajin miya, sannan ya ce "ɗiɗi". Direba ya ce jowi biyar ne, ɗiɗi biyu, idan kuma aka haɗa su a numfashi ɗaya bakwai ke nan. To, shekara bakwai ya yi yana wasa, ko biyar a wasa, biyu a horarwa? Na sake tambaya har sau uku. Kowane karo ya ce, "Haka ne." Ya kawo guntun jarida da Sifaniyanci, ba wanda ya iya karantawa. Ya nuna kansa a hoto, amma hoton ya koɗe, duk fuskokin iri ɗaya ne.

Da la'asar muka bi shi filin da yake horar da 'yan unguwa, raina a jagule. 'Yan wasansa manya ne: akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai wani Ibo mai sayar da kayan keke. Shi ɗan Zuwaira ba ya tsawa. Sai ya kama kafaɗar mutum ya juya ta kaɗan, ya matsar da shi taku biyu, nan da nan ƙwallo ta same shi a inda aka tsayar da shi. Daga baya ya tuɓe jamfa ya shiga raga da gurguwar ƙafarsa, ya ce kowa ya buga. Bai yi tsalle ko sau ɗaya ba. Kafin ƙafar mai bugu ta sauka, ya riga ya isa inda ƙwallon za ta je. Da muka yi sallama na riƙe hannunsa, na ga yatsunsa duk a karkace suke, kowanne da inda ya taɓa karyewa.

Mun kwana a masaukin baƙi, washegari muka kamo hanyar gida. A mota na rubuta rahoton na yage har sau biyu. A ƙarshe na raba shi uku: abin da na gani, abin da aka faɗa mini, da abin da na kasa tabbatarwa. Kashi na uku ya fi tsawo.

Maigidana ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ya iya ko bai iya ba?"

Na ce, "Yallaɓai, shekarun ne ban sani ba, biyar ko bakwai. Amma iyawa, na gani da idona."

Ya jawo takardar ɗaukar aiki ya sa hannu.

Na tafi Gombe da zaton gaskiya a takarda kawai take. Na dawo da sanin cewa akwai wadda sai a fili ake ganinta, kuma faɗin "ban sani ba" shi ma daidai ne idan an sa shi a gurbinsa. A takardar ɗaukar aikin, layi ɗaya ne kawai ban yi jinkirin cikewa ba, inda aka ce a rubuta sunan wanda za a nema idan wani abu ya same shi. Na rubuta: Inna Zuwaira, Shamaki, uwarsa.