Yadda Saniyar Kawu Ta Koma Bajimi A Kwamfutata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina ganin duk Ƙanƙara babu wanda ya kai ni iya kwamfuta, wata ƙungiyar masu kiwo ta ba ni aikin rubuta mata manhaja. Satar shanu ta addabi yankinmu, kuma ko an ƙwato dabbobi sai gardama ta tashi kan na wane ne. Shi ne aka ce a yi wa kowace dabba rajista da hotonta da sunan mai ita. Ma'aikata su shiga ƙauyuka da waya su ɗauki bayani ko babu sabis, in sun dawo gari a juye komai cikin rumbun bayanai.

Tsakanin manhajata da rumbun akwai wani kayan aiki da muke kira ORM. Kamar tafinta yake: kai ka ce "saniya", shi ya san inda zai ajiye ta. Yana da wani umarni mai suna merge, wanda kake miƙa wa abin da ka zo da shi daga waje, ya haɗe shi da na cikin rumbu, ya dawo maka da shi ɗauke da lamba. Sai ni kuma in liƙa hoto a jikin lambar. Na gwada da saniya guda, ta shiga lafiya lau. Na miƙa aiki ina hura hanci.

Wata safiya sai ga kawuna daga Sheme. An sace masa farar saniya tun damina, ga shi an ga mai kama da ita cikin shanun da aka ƙwato aka tsare a wajen mai gari a Daudawa. Wani mutum kuma ya riga ya ce tasa ce.

"Ɗan nan, buga mini katin nan naku in kai musu," in ji shi.

Na buga. Sunan Kawu daidai, garinsu daidai, an rubuta saniya fara. Hoton kuwa jan bajimi ne mai ƙaton tozo.

Kawu ya juya katin, ya sake juyowa. "Wannan ai bajimin da na sayar da babbar salla ne."

Na ce ya ɗan zauna. Na karɓo wayar ma'aikacin da ya yi musu rajista, na duba: ga farar saniya da hotonta daidai. Na koma rumbu: bajimi. Na sake tura shanu uku na gwaji, suka shiga daidai. Na ƙara turawa, biyu suka yi musayar hoto. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba tsakanin gwajin farko da na biyu. Har kashe kwamfutar na yi na kunna, kamar wanda bai taɓa shiga aji ba.

Da na ga kaina na neman juyewa, na kira abokina da muka yi karatu tare.

"In ka tura garke gaba ɗaya, ta yaya kake gane wacce ce wacce in sun dawo?" ya tambaye ni.

"Ta jeri mana. Ta farko ita ce ta farko."

"Wa ya yi maka alkawarin za su dawo a jere? Kuma abin da merge ke dawo maka da shi ba shi ne ka ba shi ba. Kwafi ne. Naka na asali yana nan hannunka, babu lamba, rumbu bai san shi ba."

"To wacce ce saniyar? Ta hannuna ko wadda ta dawo?"

"Duka biyun."

"Amma ba ɗaya ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne."

Na tambaye shi mafita. Daga ƙarshe ya ce in daina dogaro da jeri. Tun a waya, kafin a tura komai, in ba kowace dabba wata alama tata ita kaɗai, wadda za ta bi ta cikin kwafin. In sun dawo, in haɗa asali da kwafi ta wannan alamar.

Gyaran zai ɗauki lokaci, Kawu kuwa ba shi da shi. Muka hau mashin da wayar ma'aikacin muka nufi Daudawa. Mai gari ya duba hoton da ranar da aka ɗauke shi, ya sa aka fito da saniyar, aka gwada har tabon da ke cinyarta. Ɗaya mutumin ya duba da kyau, ya ce lallai tasa ba ta da wannan tabon, ya ba Kawu hannu. Katin kuwa yana aljihuna a ninke, ban yarda kowa ya gan shi ba.

Sai da na bi duk garken da aka taɓa turawa ina gyara hotuna, na sake buga katuna da yawa. Yanzu kafin in miƙa wa kwamfuta kowane abu, nakan fara tambayar kaina da me zan gane shi in ya dawo. Amma gaskiya, wancan "duka biyun, kuma ba ɗaya ba" har yau aiki kawai nake yi da shi, bai zauna mini a kai ba. Ranar nan wani ɗalibi da nake koya wa kwamfuta ya yi mini irin tambayar da na yi wa abokina. Na ba shi amsar da aka ba ni, ya bi ni da kallo, ni ma na bi shi da kallo.