Sun Ce Kunyar Ɗan Fari Ce

Da na haifi ɗana na fari ban ji komai ba. Aka miƙo mini shi a asibiti, na dube shi kamar ɗan maƙwabta, na mayar wa nas. Na ɗauka gajiya ce. Muka koma gidanmu na haya a kan tudun Mpape, gajiyar ta ƙi tafiya.

Mahaifiyata ta rasu tun ina jami'a, don haka ban je wankan gida ba. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta taso daga ƙauye ta zo yi mini wankan jego. Ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta kuma sa ido a kan duk motsina. Abin da ta gani ya yi mata daɗi ƙwarai. Ba na ɗaukar yaron sai an ɗora mini shi. In yana shan nono, bango nake kallo. In masu fasa dutse suka tashi nakiyarsu, tagogi suka girgiza, ya firgita ya tsala kuka, ina nan zaune sai Gwaggo ta taho da gudu.

A wajenmu mace mai tarbiyya ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. To, Gwaggo ta samu abin nunawa. Duk wadda ta shigo barka sai ta tare ta: "Ku gane mini! Ta yi boko, tana aiki a ma'aikatar gwamnati, amma Abuja ba ta lalata ta ba. Ko kallonsa ba ta yi." Mata su yi ta sa mini albarka. Ni kuwa in shiga banɗaki in yi ta kuka har ruwan wankan ya huce. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, zuciyata tana ta gaya mini yaron nan zai fi jin daɗin duniya in babu ni.

Na gwada faɗin abin da ke damuna. Na ce wa mijina, "Wallahi ba na jin komai a raina game da yaron nan." Ya yi dariya ya ce, "Har ni za a yi wa kunyar? Gwaggo ta fita, ki saki jikinki." Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma abin da kowa ke yabo, wa zai kai shi asibiti?

Da lokacin yaye ya yi, aka kai yaron wurin surukata a Karshi, kamar yadda aka saba. Da aka je ɗauko shi sai ta ce a bar mata kayanta, tunda uwar ga aiki ga kunya. Aka tambaye ni a gaban mutane. Na sunkuyar da kai, aka ce na yarda. Gaskiyar magana, sauƙi na ji, kuma wannan sauƙin ya fi komai ci mini rai.

Wata abokiyar aikina 'yar kudu ce ta tsince ni zaune a matakalar ofis ina kallon ƙasa. Na ba ta labari, har da na kunyar. Ta ce, "Madam, wane irin kunya? Kai ba ka da lafiya. Ni ma ya kama ni lokacin da na haifi nawa." Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ita ma haka ta ce, ta ja ni har gaban wata likitar ƙwaƙwalwa. Likitar ta saurare ni ba ta yabe ni ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani. Na sha magani, na yi ta zuwa muna zama muna magana, wata da watanni. Haushi ya cika ni, don duk tsawon lokacin nan ciwo nake ana yi mini guɗa.

Da na fara warkewa, son yaron ya zo mini gaba ɗaya, ba sallama. Ina tsaye a kasuwa ina zaɓen tumatir na ji kukan ɗan wata, sai na ajiye tumatirin, ba abin da nake so sai in ga nawa. A ƙarshen makon na sa mijina ya kai ni Karshi.

Mun tarar da surukata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, yaron yana jingine da bayanta. Ya girma, bakinsa ya buɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, alfarma na zo nema. Ina so ya dawo wurina."

Ta ajiye tiren gyaɗar. "Ɗan fari? Da bakinki? Ashe likitar da ake faɗa, kunyar ta cire miki." Na waiwayi mijina, yana kallon takalminsa.

Na miƙa wa yaron hannuwana biyu. Ya ƙara shigewa bayanta, ya leƙo ta gefen zaninta, ya ce, "Inna, Anti kuka take."

"Ƙyale ta, hanya ce ta gajiyar da ita. Je ka ɗebo mata ruwa."

Ya ruga ya ɗebo. Ya durƙusa ya miƙo mini kofin da hannu biyu, yadda aka koya masa ya yi wa baƙi.