Zanen da Inna ke rufa wa kwamfuta

A ɗakin Inna na ajiye kwamfutar, a Unguwar Lalle, don nan ne wayar sola ta fi kusa. Tsohuwar kwamfuta ce da ofishinmu ya yar, na gyara ta da hannuna. Aikinta ta lura da tankin rijiyar burtsatsen unguwa. In ruwa ya yi ƙasa ta tayar da famfo, in ya cika ta kashe. In wani abu ya lalace, ko ita kanta ta yi zafi, sai ta turo mini saƙo Sakkwato inda nake aiki.

Tun satin farko take turo saƙon zafi kowace safiya, da hantsi. Na sauya mata fanka, na binciki saitinta har kaina ya yi ciwo. Sai ranar da na kwana a gida na ga dalili: in Inna ta gama shara, takan ninke zanenta mai kauri ta lulluɓe ta, kamar yadda take rufe kwanukanta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, iska take so. Kashe ta za ki yi."

Ta ce, "Abu shina aiki dare da rana, in bar shi tsirara? Mi ka ɗauke ni?"

Na bar ta. Zafin ba mai kisa ba ne, kuma da azahar tana yaye zanen. Da na so, da na kashe wannan gargaɗin cikin minti ɗaya. Ban kashe ba. In ya shigo ina ofis nakan yi murmushi, na san tsohuwar ta tashi ta yi shara.

Wata Talata saƙon bai zo ba. Laraba ma haka. Na duba: famfo lafiya, kwamfuta sanyi ƙalau. Na kira Inna, ta ce lafiya lau, har da tambayar ko ina cin abinci. Amma gabana ya riga ya faɗi. Alhamis da sassafe na shiga mota.

Na same ta kwance kan tabarma, jiki zafi rau, ƙafa ta kumbura daga ƙayar da ta taka a gona. Ta hana maƙwabta su gaya mini, wai kada a tayar da ni daga aiki. A asibiti likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da wuya ƙafar ta tsira.

Da zazzaɓin ya sauka ta tambaye ni wa ya kai ƙararta. Na gaya mata. Ta yi dariya, ta ce na ajiye mata munafuka cikin ɗaki. Sannan ta kama hannuna.

"Ke nan da na rarrafa na rufe ta, da ba ka taho ba?"

Wata bakwai rabona da gida a lokacin. Kunya ta rufe ni, na sunkuya ina gyara mata matashi.