Abin da Kifi Ba Ya Iya Gyarawa

Duk wanda ya san kasuwar Sabon Gari a shekarun baya ya san rumfar Madam Ujunwa, mai busasshen kifi da wake. A Kano aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ba a kayar da ita a ciniki. Abu ɗaya ke karya ta: 'yarta Munachi mai ciwon sikila.

Wata nas ta taɓa ce mata a riƙa ba yarinyar abinci mai gina jiki. Shi ke nan, Ujunwa ta riƙe maganar gam. Kifin da ya fi kyau a rumfar ba na sayarwa ba ne, ko nawa ka taya. Alale da safe, farfesu da rana. Ta sa a ranta in ta dage, wata rana jinin zai canza.

Malama Khairiyya, mai koyar da kimiyya a Fagge, ta daɗe tana sayen kifi a wurinta. Ran nan Ujunwa ta tambaye ta, “Malama, sai yaushe jinin zai gyaru?”

Malama ta ja benci ta zauna. “Maman Muna, abin da kifi da wake ke ba ta sunansa amino asid. Tubali ne, iri ashirin, da shi jiki ke gini. Amma akwai nukiliyik asid, wato DNA, rubutun da ke faɗin yadda za a jera tubalin. A nata rubutun harafi ɗaya ya sauya. Abinci na ƙara mata ƙarfi, amma ba ya gyara rubutu.”

“To wa ya ba ta rubutun?”

Malama ta so ta kauce, ba hanya. “Rabi babanta, rabi ke.”

Ranar ko la'asar ba a yi ba Ujunwa ta rufe rumfa. Ta isa gida, ta durƙusa gaban 'yarta tana kuka, tana neman gafara. Munachi ta yi dariya. “Haba Mama! Wushiryata fa? Ita ma ba a rubutun naki ta zo ba?”

Girki bai tsaya ba. Munachi ta girma, har ta gama sakandare, kafin ciwon ya tafi da ita. Yanzu Ujunwa ta tsufa, ta bar kasuwa, kewa ta yi mata yawa. Takan ce ba ta son madubi, don da ta yi murmushi ta ga wushiryarta, 'yarta take gani. Amma kullum sai ta duba.